Baffa Tafinta da Maganar da Ba a Aikawa

Baffa ya rasu ranar Talata da hantsi, kafin la'asar maza sun dawo daga kai shi. Daga Allah muke, gare shi kuma za mu koma. Yayan mahaifina ne, shi ne kuma na ƙarshe a cikin waɗanda suka san ni tun ina zanen goyo.

Zaman makokin bai cika ba. Tabarmi huɗu muka aro a maƙwabta nan Angwan Iya cikin garin Keffi, biyu ko warware su ba a yi ba. Limamin unguwa da ya zo yi mana gaisuwa ya ce, "Sai haƙuri, ko da yake tsohon nan ya daɗe da barinmu." Kurumtar da ta kama shi a ƙarshen rayuwarsa yake nufi. Wata maƙwabciya ta ce Allah ya jiƙansa, mutum ne mai gaskiya, sai dai in ya kafe gara ka je ka tura dutse. Samarin ma'aikatan da ke haya a gidan da ke kallon namu suka shigo suka yi addu'a a tsaye, na ji ɗayansu yana tambayar mijina ƙasa-ƙasa, "Wai da can aikin me yake yi?"

Rana ta uku wata tsohuwar Bafulatana ta iso daga wajen Gitata, ƙwaryar nono a ka, ƙafafunta duk laka. Ba ta tsaya wurin mata ba, ta wuce ƙofar ɗakinsa ta zauna. Da na je gaishe ta, ta daɗe tana kallon labulen ɗakin, sannan ta ce da Hausarta mai karkata, "Bakinmu ne ya mutu."

Tambayar saurayin nan da maganar tsohuwar nan su suka hana ni sakat har na ɗauki alƙalami. Ni malamar firamare ce, ban saba rubuta abin da ya wuce darasin gobe ba. Amma Allah bai bar wa Baffa ɗa ko ɗaya ba, in ban faɗa ba ban ga mai faɗa ba.

Tafinta ne a kotun alƙali, tun kafin a sami 'yancin kai har bayansa. Hausa da Fulatanci ya tashi da su, Gwandaranci ya tsinta a bakin abokan wasa, Eggon da Mada kuma a kasuwa ya same su lokacin da yake bin kakanmu saye da sayar da gishiri. Wurinsa a kotu tsakanin buzun alƙali ne da inda masu ƙara ke durƙusawa, a tsaye, hannu a baya. Shekara da shekaru yana ɗauko magana daga wannan baki ya kai wancan kunne, har aka manta sunansa na yanka, kowa Tafinta.

Ni kuwa Uwata yake ce mini, don sunan mahaifiyarsu aka sa mini.

A gida ba mai yawan magana ba ne, amma yana sa ido a kan ta mutane. Idan wani ya yi sallama yana tafe bai dakata ba, Baffa ba ya amsawa. In an tambaye shi ya ce, "Ai ba ni ya yi wa ba, hanya ya yi wa." Ba ya cewa "sai na zo" in ya san ba zuwa zai yi ba. Ya taɓa dawowa daga rabin hanyar masallaci don ya gaya wa mai kanti cewa maganar "zan leƙo gobe" da ya yi masa ya janye ta, goben yana da ɗaurin aure. Inna, matarsa, takan ce zama da shi kamar zama da sikeli ne, ko tari ka yi sai an auna.

Wata rana na ji yana yi wa wani sabon ɗan sandan kotu bayani a zaure. Ya ce, "Akwai maganar da labari kawai take bayarwa, an yi ruwa, tuwo ya nuna. Akwai kuma wadda da an faɗe ta abu ya ɗauru ko ya kwance. Na ba ka, na sallama, na rantse, na yafe. Wannan ita ake tsoro. Mahaukaci in ya tsaya tsakiyar kasuwa ya ce na ɗaure ka wata uku, wa zai tafi gidan yari? To shi ma alƙalin, in ya faɗe ta a gidan surukansa yana cin tuwo, ba ta ɗauru ba. Sai mai ita ya faɗa, a inda ake faɗarta, ga wanda ya ji ya kuma gane. In zuciya ba ta biyo baki ba, za ta tsaya a idon mutane, amma ɗingishi za ta yi ta yi har ta faɗi."

Abin da ya haɗa shi da mijin tsohuwar nan ta Gitata shari'a ce. Wani attajirin gari ya kai makiyayin ƙara, ya ce sun yi magana gaban shaidu ya yarda zai tashi da shanunsa daga bakin wani rafi da ya daɗe yana shayar da su. Alƙali ya karanto sharuɗɗan da Hausa, Baffa ya juya su zuwa Fulatanci, makiyayin ya sunkuyar da kai ya ce, "Mi nani." Magatakarda ya tsoma alƙalami zai rubuta cewa ya yarda, attajirin har ya fara gyara babbar riga zai miƙe.

Baffa ya ce, "Allah ya gafarta Malam, a dakata da rubutun. Bai ce ya yarda ba, cewa ya yi ya ji."

Attajirin ya ce, "Ji da yarda ai duk ɗaya ne."

Baffa ya ce, "A bakinsu ba ɗaya ba ne. A namu ma ba ɗaya ba ne, Alhaji. In ya yarda da kalmar da zai faɗa, bai faɗe ta ba."

Alƙali ya sa aka sake tambaya. Makiyayin ya ɗago ya ce ya ji dai, don babba na magana ba a ce ba a ji ba, amma in ya bar rafin nan ina shanunsa za su sha? Haka ma ya faɗa wancan karon gaban shaidun, su suka ji abin da suke so. Aka kori ƙarar. Attajirin bai ƙara amsa gaisuwar Baffa ba har ya bar duniya.

Sai dai cin shari'a daban, zaman lafiya daban. Aka yi ta matsa wa makiyayin har ya rasa inda zai sa kansa. Muna da gonar gado a wajen Gitata, ta Baffa da mahaifina, gefenta fadama ce da ba a nomawa. Baffa ya kira mutum uku daga dattawan ƙauyen, da rana tsaka, ya ce wa makiyayin, "Na ba ka zaman wurin nan kai da shanunka muddin ina numfashi." Lokacin mahaifina yana can yana karatun boko, ba wanda ya tuna da shi.

Bayan an ƙirƙiro jihohi aka sake wa kotuna tsari, aka ce kowane ma'aikaci ya kawo takardar shaidar karatu. Baffa harshe biyar ne a bakinsa, babu Turanci a ciki. Wata safiya ya zo makarantar da nake koyarwa, ya jira a gindin mangwaro har aka buga ƙararrawar tara, ya miƙo mini ambulan. "Uwata, yau ni ke neman tafinta." Na karanta, na rasa ta inda zan fara. Na ce suna godiya da irin hidimar da ya yi. Ya ce, "Kada ki sa mata gishiri, faɗa mini yadda take." Na ce an sallame shi daga ƙarshen wata. Ya tambaya wa ya sa hannu, na gaya masa muƙamin. Ya gyaɗa kai. "To, mai ita ne ya faɗa. Ta zauna." Ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya tafi yana bin inuwar katanga.

Rigimarsa da mahaifina ranar sunan ɗana na fari ta faru, bayan an gama yaƙin basasa. Ina gidanmu na gado ina wankan jego, ɗakina bango ɗaya ya raba shi da zaure, ba abin da ban ji ba. Mahaifina ya zo daga Jos inda yake aikin gwamnati, da sabuwar motarsa. Zamani ne da kuɗin mai ya fara shigowa, kowane ma'aikaci yana zancen babbar gona da motar noma. Bayan an ci an sha, ya ce yana so a gaya wa Fulanin nan su tashi kafin damina, zai sa a nome fadamar.

Baffa ya ce, "Na riga na ba su magana."

"Ina takardar, Yaya?"

"Mutum uku suka ji, biyu suna raye."

Mahaifina ya ce, "Kai da kake koya wa mutane cewa sai mai abu ke bayar da shi, gonar taka ce kai kaɗai? Ka tambaye ni? Ka yi kyauta da rabon da ba naka ba."

Da a nan mahaifina ya tsaya, da ya ci. Amma Baffa ya yi shiru, shirun ya ƙara tunzura shi, sai ya ce, "Dama mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana maimaita maganar wasu kamar aku, ina zai san nauyin tasa?"

Gaban surukaina ya faɗa, gaban liman, gaban maroƙa. Na ji ƙarar takalmin Baffa yana jan sa, ya wuce ta ƙofar ɗakina bai ɗaga labule ba. Mahaifina ya koma Jos a ranar. Bai sa an tashi Fulanin ba, bai kuma ƙara taka Keffi ba.

Shekara biyu suna haka. Da Sallah kowa ya aika wa iyalin ɗan'uwansa abin da ya saba aikawa, amma ba gaisuwa a ciki. Sannan wasiƙa ta zo mini daga mahaifina. A ƙarshenta ya rubuta: ki je ki gaya wa Yaya na yi kuskure, ya yi haƙuri ya yafe mini. Na yi murna har na fita ban ɗaura ɗankwali daidai ba. Na sami Baffa yana gyaran igiyar guga, na durƙusa na karanta masa, na maimaita wurin sau biyu.

Ya saurara har na gama. Ya ce, "Uwata, ke kin yi mini laifi?"

"A'a, Baffa."

"To don me kike ba ni haƙuri?"

Na ce ai saƙo ne, shi ya aiko ni.

Ya ce, "Ni na fi kowa sanin aike, da shi na ci abinci. Ana aika gaisuwa, ana aika labari, ana aika ƙara ma. Wannan ba a aika ta. A zaure ya faɗi waccan da bakinsa, ina kallon idonsa. Ki ce masa ƙofa a buɗe take, ba na neman taro, ba na neman ya durƙusa. Ya zo mu zauna mu biyu, ni ma ina da abin da zan faɗa masa."

Na roƙe shi, Inna ta roƙe shi har da kuka. Ya ci gaba da tufka igiyarsa. Na rubuta wa mahaifina yadda muka yi, ya amsa da layi biyu, ya ce Yaya ba zai canza ba, zai zo in aiki ya yi sauƙi.

A shekarar da aka sauya hannun tuƙi ne. Wata Asabar da azahar aka aiko daga ofishin 'yan sanda, motar mahaifina ta yi karo da babbar mota kafin Akwanga, ko asibiti ba a kai da shi ba. Da aka buɗe bayan motar aka sami ƙullin goro da sabuwar riga 'yar shara, irin wadda Baffa ke sawa.

A Keffi aka binne shi. Mijina ya gaya mini cewa lokacin da liman ya nemi duk wanda mamacin ya yi wa laifi ya yafe masa, muryar Baffa ce ta fara fita, da ƙarfi har mutane suka waiwaya. Amma da suka dawo gida ya zauna bakin rijiya, Inna ta kai masa ruwa bai karɓa ba. Ya ce mata, "Na faɗa. To wa na faɗa wa?" Liman da ya rako su gida ya ce masa Allah ya ji ai. Ya ce, "Allah ya ji, na sani, Malam. Shi nake so ya ji."

Ni a lokacin ba tausayinsa nake ji ba. A raina shi ya ɗora mahaifina a kan hanyar nan. Da ya ce na yafe ranar da na durƙusa gabansa da wasiƙa, da ba goro, ba riga, ba Akwanga. Ban taɓa faɗa masa haka ba, tarbiyya ba ta bari ba. Ina zuwa gaishe shi ranar Juma'a, in durƙusa daga bakin ƙofa, ina kwana, lafiya lau, in tashi. Ya sani.

Bayan an share makoki da wata biyu ya zo gidana da safe, da ƙafa, ya sa aka kira mijina ya zauna. Bai karɓi tabarma ba, ya tsuguna a ƙasa, tsoho da furfurarsa. Ya ce magana biyu ta kawo shi.

"Ta farko, mahaifinki ya fi ni gaskiya a kan gona. Na ba da abin da rabinsa ba nawa ba ne. Abin da na so in gaya masa ke nan in ya zo. Yanzu rabon naku ne ke da ƙannenki. Na je na gaya wa mutumin Gitata cewa rabin alkawarina ba shi da ƙafa, sai abin da kuka ce."

Na ce su yi zamansu, zan yi magana da ƙannena, ba wanda zai tashe su.

"Ta biyu, na tsaya a kan ƙa'ida na bar ɗan'uwana a waje. Ƙa'idar gaskiya ce, amma ni ne babba, da na hau mota na same shi. Shi ba zan same shi ba yanzu. Ke na sa ki ɗauki abin da ya fi ƙarfinki, na kuma mayar da ke da shi. Ki yafe mini."

Mijina yana ta yi mini ido. Na ce, "Ba komai, Baffa."

Ya ɗan yi murmushi. "Ba komai ai wanda ya taka ka a kasuwa ake ce wa. Kada ki jawo ta in ba ta zo ba, Uwata. Ba na son wadda aka ba ni don kunya. Ina nan."

Ya dafa gwiwa ya miƙe ya tafi. Bai sake tayar da zancen ba, ko sau ɗaya.

Shekara shida na riƙe kalmar nan. A cikinsu Inna ta rasu, gidan gado ya zama shi kaɗai sai 'yan haya. Garin ma ya canza masa. Aka ce za a gina sabon babban birnin ƙasa a kusa da mu, manyan motoci suka yi ta wucewa da kayan gini, baƙi suka cika unguwa da wani Turanci na kasuwa da ba ya cikin harsunansa biyar. Sannan kunnensa ya fara tafiya, na hagu tukuna, daga baya na dama. Mutumin da ke rarrabe ji da yarda a cikin harshen wasu ya koma sai an taɓa kafaɗarsa ya san ana kiran salla. Abokan hirarsa suka gaji da ɗaga murya, suka rage zuwa. Ina aika masa abinci kullum, ina wanke masa kaya, duk abin da 'ya ke yi ina yi, ban da abu ɗayan da ya roƙa.

Wata Laraba na taso daga makaranta na biyo ta layinsu. Daga nesa na hango shi a kan dakali, shi kaɗai. Wasu mutum biyu suka zo wucewa suna hirarsu, ko kallonsa ba su yi ba. Ya ga bakinsu na motsi, sai ya gyara zama, ya ɗaga hannu ya ce, "Lafiya lau, lafiya lau, madalla." Suka wuce ba su ma san ya yi ba. Ya sauke hannun a hankali ya ɗora a gwiwa.

Ban san lokacin da na ƙarasa ba. Na durƙusa gabansa a bakin titi, littattafan yara a hannuna, na ce, "Baffa, na yafe maka."

Ya karkato kai. "Sake."

Na ɗaga murya. Mai sayar da ƙosai a tsallake ta juyo.

"Sake, Uwata."

Na uku da iyakar ƙarfina na faɗa, har matan 'yan haya suka leƙo ta zaure, wani mai keke ya tsaya. Hawaye ya hana ni ganin fuskarsa sosai. Ya daɗe yana kallon bakina. Sannan ya kama hannuna ya riƙe, abin da bai taɓa yi ba tun da na girma, ya ce, "An yi ruwa a wajenku jiya? Mu nan yayyafi kawai aka yi."

Na gyaɗa kai na ce an yi. Muka zauna a haka har aka kira la'asar, na taɓa kafaɗarsa, ya tashi ya ɗauki buta.

Har yau ban san ko ya ji ba. Wani lokaci in ce ya ji, kunya ce irin ta manya ta sa ya kawo zancen ruwa. Wani lokaci in ce da ya ji da ya amsa, don ba mutumin da ke barin irin wannan magana a rataye ba ne. Na yi niyyar in sa mijina ya rubuta masa ita da ajami, na yi ta cewa gobe. Kwana goma sha ɗaya bayan nan zazzaɓi ya kwantar da shi, bai tashi ba.

Allah ya jiƙan Baffa, ya yalwata masa makwanci, ya haɗa shi da ƙaninsa a inda ba a bukatar kowa a tsakani. Mu da muka rage, Allah ya sa mu cika da kyau. Jiya na share ɗakinsa na rufe. Makullin yana cikin jakata, ban san wanda zan ba ba.